Zuwa Ga Babarbaren Tudun Wada, Mai Kundin Da Ya Gode Wa Mijinsa

Wushe, bawana. Ka ga dai da yarenku na gaishe ka, don kada ka ce Bafillatani bai iya karamci ba. Ina gajiya? Yaya fama da goro da turaren wuta? Yaya kuma mutanen gida, bayin Allah da aka jarraba da zama da kai?

Kundin digirin da ka aiko mini ranar Laraba ya iso cikin baƙar leda, da ɗan maiƙon ƙosai a bangonsa. Yaron da ya kawo ya ce wai in ji ka, in duba maka kurakuran rubutu kawai, kada in taɓa ilimin da ke ciki, domin ya fi ƙarfin mai kiwon shanu. To, na duba. Kwana biyu ina dubawa, har uwargida ta leƙo da tsakar dare tana tambaya ko lafiya nake dariya ni kaɗai. Da na karanta mata shafi na huɗu, ita ma sai da ta nemi wuri ta zauna.

Shafi na huɗu shi ne na godiya. Ka gode wa Allah, daidai ne. Ka gode wa malamin da ke duba aikin, wannan ma daidai. Sai ga shi a sakin layi na uku ka miƙa godiya ta musamman ga mijinka abin ƙaunarka, wanda ya yi haƙuri da kai, ya riƙa kula da yara lokacin da kake ɗauke da juna biyu kana zuwa lacca. Shekara talatin muna tare a Tudun Wada, na ci tuwon sunan 'ya'yanka shida, ban taɓa sanin kana da miji ba. Ashe haka Barebari suke da zurfin ciki! Allah ya raba lafiya.

Na so in ja ka gefe in faɗa maka, sai na tuna tsakanin Bafillatani da Babarbare babu gefe, a bainar jama'a ake biyan bashi. Ga kuma yaran unguwa da ke fama da nasu kundin a wannan lokaci, gara su ga gemunka ya kama wuta su shafa wa nasu ruwa. Sunan makarantar da ta ɗauke ka karatu da furfurarka kuwa ba zan ambata ba, don kada in shafa mata kunyar da ba ita ta jawo ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne inda kake zaune. Tun da aka kafa jami'ar jihar Gombe a unguwar nan a 2004, zamanin Gwamna Danjuma Goje, ko akuyar Tudun Wada ta san lokacin kundi: shagunan buga takardu cike, injin ɗab'i na kuka har dare, ɗalibai na kai da kawo da takardu a hammata. Shugaban jami'ar na farko, marigayi Farfesa Abdullahi Mahadi, masanin tarihi ne, kuma mutumin Gwoza ne a jiharku, ko da yake ba zan bar muku shi duka ba, don Zariya ce ta rene shi. Kundin digirinsa na uku da ya kammala a Jami'ar Ahmadu Bello a 1982, kan sarauta da tattalin arzikin Kano, har yau masu nazarin tarihin Kano suna kafa hujja da shi. Mutumin ya rasu a ƙarshen 2022, Allah ya jiƙansa, ya bar itatuwan da ya sa aka dasa a harabar jami'ar suna ba mutane inuwa. Kai kuma da kake shan iskar itatuwan kullum, abin da ka iya kawowa ke nan.

Kan kundin naka ba laifi: hawa da saukar farashin masara a kasuwar Tudun Hatsi. Da na gan shi har na ce kai, yau Babarbare ya yi abin kai. Amma a shafi na 31 sai na tarar kasuwar tana bakin kogin Kwara, 'yan kasuwar suna sayar da kayan gyaran mota, kuma babbar matsalarsu cunkoso a kan gada. Ka sa kwamfuta ta bi ta canza sunan garin duk inda ya fito, ka manta da kogin. Mu da ruwan famfonmu sai an turo shi daga Dadin Kowa, yaushe muka yi kogin da jirgi ke bi? Zanen aro ba ya rufe katara, balle ma zanen na matar wani ne daga Anacha.

Zauna in koya maka, da abin da ka raina. Bincike cigiya ce. Saniya ta ɓata, ka fita nema. Babin nan biyar da malamanku suka ce a yi ba don ado aka jera su ba, matakan cigiyar ne.

A babi na ɗaya za ka faɗi wace saniya ce ta ɓata: launinta, ƙahonta, inda aka gan ta na ƙarshe, da iyakar dajin da za ka shiga. Wanda ya fita yana cewa "dabba ta ɓata" ba zai dawo da komai ba sai ƙaya a ƙafa. Kai ka buɗe naka babin da cewa tun da Allah ya halicci ɗan Adam yake cin abinci. Daga nan ka bi ta Masar ta Fir'auna, ka ratsa Ingila, ka yada zango a Majalisar Ɗinkin Duniya, ba ka iso Gombe ba sai a shafi na tara, a gajiye. Alhali tambayarka ɗaya ce, kuma kowace mai ƙosai ta san ta: me ya sa buhun masara yake faɗuwa da kaka, ya haura idan damina ta kankama, kuma aljihun wa tazarar take shiga? Manomi ne, ko dillali, ko mai sito da ya saya ya ajiye, ko mai babbar motar da ke lodi zuwa Kudu? Wannan ita ce matsalar bincike, kuma shafi biyu sun ishe ta. Sai manufofi. Ka jera guda bakwai, tambayoyin bincike huɗu, hasashe biyu, kuma babu wanda ya san wani a cikinsu, kamar fasinjojin da suka haɗu a tasha. Kowace manufa tana da tambayarta, kowace tambaya tana da amsarta a babi na huɗu, bi da bi. Uku sun isa. Wanda ya kora shanu bakwai shi kaɗai zuwa kasuwa bakwai, da sanda zai koma gida.

Babi na biyu shi ne tsayawa a tambayi waɗanda suka riga ka bin hanyar: wa ya ga sawu, ina ya nufa, ina aka riga aka duba ba a samu ba. Bitar ayyukan da suka gabata ke nan. Naka shafi arba'in ne, kuma duk jerin gwano: wane ya ce, wane ya ce, wane ma ya ce. Kowa ya faɗi tasa ya wuce, ba wanda ya gaisa da wani, kai kuma mai gidan ba a ji ta bakinka ba ko sau ɗaya. Abin da ake so shi ne ka zaunar da su kamar masu shari'a: waɗannan biyun sun yarda ajiya ce ke ta da farashi, wancan ya ce kuɗin mota ne, na huɗun a Dawanau ya yi nasa nazarin ba a Gombe ba, saboda haka ga abin da ba a duba ba, nan ni zan shiga. Wannan giɓin shi ne dalilin wanzuwar kundinka. In babu shi, ka ba mutane wahalar karatu a banza.

A nan ne kuma sata ta fi yawa, don haka bari in daɗe a nan.

Na san abin da za ka ce a majalisa, domin na san bakinka: wai wannan ambaton sunaye da shekaru fi'ilin Turawa ne. Kai ne fa mutumin da ba ya barin mai wa'azi ya sauke numfashi sai ka tambaya, wa ya ruwaito, ya inganta? Isnadi ke nan, wane daga wane daga wane, kuma malaman hadisi sun gina shi ƙarnuka kafin a kafa jami'ar farko a Ingila. A masallaci kana neman mai ruwaya, a kundi kuma ka zama ɗan fashi.

Dubi kakanninmu ma, ni da kai. Lokacin da jama'ar Shehu Usmanu suka taɓa Borno har suka shiga Birnin Ngazargamu a 1808, Shehu Muhammadu al-Aminu al-Kanemi ya rubuto wasiƙu masu zafi yana tambayar hujjar yaƙar Musulmi. Da Muhammadu Bello ya zo rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, bai murguɗe maganar abokin jayayyarsa ba, bai kuma ɓoye ta ba. Ya kwafo wasiƙar ya sa a littafin da sunan mai ita, sannan ya kawo amsa. Shi ya sa yau duk mai son ya ji hujjar al-Kanemi, a littafin Bello yake zuwa ya same ta. Wato hujjar kakanka ma mu muka adana muku, kuma har yau ba ku biya kuɗin ajiya ba. Shi kuwa Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya ware, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowanne, har da yayansa Shehu Usmanu da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Manazarta ke nan, shekara ɗari biyu da suka wuce, babu kwamfuta babu lantarki.

Don kada ka ce na yi son kai, ku ma kuna da naku. Liman Ahmadu ɗan Fartuwa, da ya rubuta labarin yaƙe-yaƙen Mai Idris Alooma a 1576, ya faɗi sunan wanda ya riga shi irin wannan aiki, Masfarma Umaru ɗan Usmanu, ya nuna sawunsa yake bi. Babarbare ne fa, amma ya yi gaskiya, ka ga ashe abin yana yiwuwa. Na kuma san inda ka samo cutar kwafa. Borno ta yi suna wajen rubuta Alƙur'ani da hannu, har fatake suna kai shi arewacin Afirka. Sai dai alaramman da ya zauna wata da watanni yana wannan aiki bai taɓa cewa maganar tasa ce ba, kowa ya san Mai maganar, shi ladar alƙalami kawai yake nema. Kai ka gaji hannun, ka bar amanar a Kukawa.

Babi na uku shi ne inda za ka faɗi hanyar da ka bi, dalla-dalla, yadda wani zai iya bin sawunka ya ga ko da gaske ka je. Nan na haɗu da wani bawan Allah wai shi Yaro Yamane. Na yi ta tunani, yaron wane ne a Tudun Wada ya ƙirƙiro lissafi ban sani ba? Sunan mutumin Taro Yamane, masanin ƙididdiga ne ɗan Japan, kuma lissafin da ake jingina masa yana cikin littafinsa bugun 1967. Wani ne can ya yi kuskuren harafi ɗaya, masu kwafa suka yi ta gadonsa daga kundi zuwa kundi, har Yaro ya yi jikoki a jami'o'in ƙasar nan. Duk malamin da ya ga Yaro ya san ɗalibin bai taɓa ganin bangon littafin ba.

Lissafin kansa ba wuya. Ka ce 'yan kasuwar hatsin 350 ne, ko da yake ba ka faɗi wanda ya ƙirga maka su ba. To, 350 sau 0.0025, lambar da aka saba sawa a lissafin, ya ba ka 0.875, ka ƙara 1, ka raba 350 da abin da ya fito, za ka samu 187. Su ne za ka tambaya. Kai kuwa ka rubuta cewa ka raba takardun tambayoyi 400. Mutum 400 daga cikin mutum 350! Ko dai aljanun Tudun Hatsi ma sun cike, ko kuwa lambar ta matar Anacha ce. Kuma wai duka 400 sun dawo, babu wadda ta ɓata, babu wadda aka ƙunshe gyaɗa da ita. Na ga ɗaurin takardun a zaurenka makon jiya, duk da shuɗin biro ɗaya, rubutun kuma ya yi kama da na autarka 'yar aji biyar. Dattijon da ya shekara arba'in yana auna masara ba zai zauna ya cike maka takardar Turanci mai cewa ya yarda ƙwarai ko ya yarda kaɗan ba. Zama za ka yi kusa da shi a kan buhu, ka gaishe shi, ka nemi izini, ku yi hira da Hausa, ka rubuta. Mutum talatin da ka yi hira da su da gaske sun fi ɗari huɗun da aka haifa a zaure.

Babi na huɗu abin da ka samo ne, ba abin da ka so ka samo ba. In saniyar a mace ka tarar da ita, ka ce a mace take. Babi na biyar kuma komawa ne wurin mai saniya ka ba shi labari a taƙaice, ba tare da ka jawo wata sabuwar dabba daga daji ba. Naka ya ba gwamnati shawarar ta gyara gada. Tsakure, wato ɗan taƙaitaccen bayanin da ke gaba, shi ake rubutawa ƙarshe, kamar yadda ba a raɗa suna sai an haihu. Kai da ka san zafin naƙuda ai ba sai an gaya maka ba.

Yanzu ga maganar madogara, yadda ake yin ta a takarda. Je ka kara ranar kasuwa ka gani. Kowace saniya da shaidar mai ita a jikinta, kuma ba mai hankalin da zai sayi wadda babu dillalin da zai tsaya ya ce ya san garken da ta fito. Haka magana take a kundi. Duk wadda ba taka ba, ka bar mata shaidarta.

Yawancin sassan ilimin zamantakewa da na koyarwa salon APA suke bi, na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka. Ya faro ne a 1929 da 'yar maƙala mai shafi bakwai, yau ya zama littafi, bugu na bakwai ya fito a 2019. Ƙa'idarsa ba ta fi ƙarfin ko Babarbare ba. A cikin rubutu ka sa sunan ƙarshe na marubuci da shekara. In kalmominsa ka ɗauko yadda suke, ka killace su da alamar zance, ka ƙara lambar shafi, in kuma sun kai kalma arba'in ka ware su a sakin layi nasu. In marubutan sun kai uku, ka ambaci na farko ka ce da sauransu. A ƙarshen kundi sai manazarta, bisa jerin abacada, da cikakken bayani: wane ne, yaushe, mene ne sunan aikin, wa ya buga. Misali, littafin Ibrahim Yaro Yahaya, Hausa a Rubuce, wanda kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga, a cikin rubutu (Yahaya, 1988) zai fito, a manazarta kuma ka same shi ƙarƙashin harafin Y. Ka ga wannan shi ne Yaron gaske. Masu nazarin adabi wasu MLA suke bi, suna da lambar shafi ba shekara ba, masu tarihi kuma sun fi son bayanin ƙasan shafi. Ka tambayi sashenku wanda suke so, ka riƙe shi shi kaɗai. Naka kundin salo uku ya haɗa, kamar wanda ya sa babbar riga da gajeren wando da hular sanyi.

Sunayenmu suna da nasu rikicin. Wani sunan garinsu ne a ƙarshe, kamar Sa'idu Muhammad Gusau, wanda ake sawa a Gusau. Wani sunan mahaifi, wani laƙabi. Muhammad da Abubakar kuwa sun fi a ƙirga, shi ya sa haruffan farkon suna suke da muhimmanci. Kada ka sa Farfesa ko Alhaji ko Dakta a manazarta, na ga ka yi, har da wani Mai Girma.

Doka ɗaya ce ba ta da sassauci: duk sunan da ya fito a ciki dole ya fito a manazarta, duk wanda ke manazarta dole a gan shi a ciki. Na zauna na ƙirga naka, saboda Bafillatani ba ya kwana bai ƙirga garke ba. Sunaye 62 a ciki, 19 a manazarta, bakwai kacal suka san juna. A cikin sha tara ɗin akwai wani malami wai shi Google, da wani shehi wai shi WhatsApp. Google hanya ce, ba mai magana ba. Wanda aka tambaya wa ya gaya maka, ya ce titin Bauchi, ai ka san da sauran magana.

Abu biyu kuma da ɗalibai suke tuntuɓe a kansu. Na farko, in ka juya maganar mutum da kalmominka, har yanzu tasa ce. Ko ka shafa wa saniya shuni ka karya mata ƙaho, mai ita zai gane ta da tafiya. Sunansa dole, lambar shafi ce kawai za ka iya bari. Abin da kowa ya sani ne ba ya neman shaida, kamar a ce an ƙirƙiri jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba 1996. Na biyu, in ba ka karanta littafi da idonka ba, kada ka yi kamar ka karanta. Ka ambaci Adam Smith da shekarar 1776 kamar tare kuka sha shayi. Ka ce Smith, kamar yadda wane ya kawo, sannan ka sa wanen a manazarta. Isnadin nan dai da kake tsare masu wa'azi da shi.

Hirar baka ma tana da haƙƙi, kuma mu nan rabin iliminmu a bakin dattawa yake. A tsarin APA, hirar da ba a adana ta inda wani zai samu ba a cikin rubutu kawai ake ambatonta, da suna da rana. Masu tarihi su kan jera suna, shekaru, sana'a, wurin hira da ranarta. Ko wanne ka bi, ka fara tambayar mutumin ko ya yarda a sa sunansa. Mai sito ba lalle ya so duniya ta san buhu nawa ya ɓoye ba.

Saura littattafai uku da na nema har idona ya yi ja. Ɗaya wai wani Bature ne ya rubuta shi a Landan kan kasuwar Tudun Hatsi kanta, da lambar shafi da komai. Da na matsa wa yaronka, sai ya ce ChatGPT kuka tambaya. Wannan na'ura, tun da ta fito a ƙarshen 2022, ta iya tsara magana, ta kuma iya ƙirƙiro littafin da ba a taɓa rubutawa ba, ba tare da ta ƙifta ido ba. Ina jin tana da dangi a Borno. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da na'urar ta ƙaga musu. Lauyoyi ke nan a Amurka. Ka yi amfani da ita ta nuna maka hanya in ka ga dama, amma duk abin da za ka sa a manazarta sai ka buɗe shi da hannunka. Gani ya kori ji.

Kada kuma ka ce wa zai kula. Ministan tsaron Jamus na lokacin, Karl-Theodor zu Guttenberg, Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirinsa na uku a 2011 saboda kwafa, kujerar ma ta tafi. A 2012 shugaban ƙasar Hungary, Pal Schmitt, ya sauka a kan irin wannan. Na san kana jira in yi shiru ka jefo mini ta 2016, lokacin da aka gano wani yanki na jawabin marigayi Shugaba Buhari an ɗebo shi daga jawabin Obama na 2008. Na riga ka. Fadar ta amsa, ta ce wani ma'aikaci ne ya cusa. Ban binciki ƙabilar ma'aikacin ba, don kada zumunci ya ɓaci. Yanzu kuma ga Turnitin da 'yan'uwanta, masu gwada rubutu da abin da ke intanet da kundayen da aka riga aka ajiye. Masu shagon da ke cewa za su rage maka kaso ta hanyar musanya kalmomi, kwaɗo kawai suke yi wa Turancin, malami na karanta layi biyu zai ji warin. Ko na'ura ba ta kama ka ba, akwai ranar kare kundi. Wani malami zai cire tabarau ya ce, Malam, ranar da ka je kasuwar, nawa ake sayar da buhu? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Zan yi maka adalci sau ɗaya, kada ka saba. Mutum mai aiki da iyali da furfura ya koma aji ya zauna da sa'o'in 'ya'yansa, ba ƙaramin abu ba ne, kuma da yawa ba mugunta ke sa su kwafa ba, tsoro ne da rashin wanda zai zaunar da su ya nuna musu. Ni ma a zamaninmu na tafireta na taɓa tsintar wata magana mai daɗi na rubuta a bayan ambulan ban sa inda na samo ta ba. Mako guda na yi ina jujjuya littattafai a laburare, ƙarshe dole na cire ta ina ji ina gani. Tun ranar na koyi abu ɗaya: kafin ka kwafi ko kalma, rubuta sunan mai ita, shekara, sunan littafi da shafi. Littafin rubutu kawai ya isa. In kana son na zamani akwai Zotero, kyauta ce, ita za ta jera maka manazartar, autar taka za ta koya maka in ka daina sa ta aikin jabu.

Hukuncina ga shi. Shafin sunanka ya tsira, kan binciken ma ya tsira. Sauran shafi 94 na ba mai ƙosan bakin layi, ta ce takardar tana da kyau. Ranar Asabar da hantsi ka same ni a ƙofar Tudun Hatsi da littafin rubutu da biro biyu. Ka bar babbar rigar nan a gida, kan buhu za mu zauna. Ni zan gabatar da kai ga dillalai, in ce bawana ne, a taimaka masa. Ka kuma taho da kuɗin sharar shekara biyu da kake ta noƙewa, tun kafin watan cika-ciki ya sake zagayowa su zama uku.

Ka gaida mijin naka.